Wa ya riƙe fitilar? Kan zanen cocin Turai a ajin tarihi

Shekaru uku da suka wuce wani uba ya tare ni a ƙofar aji bayan an kaɗa ƙararrawar tashi. Bai ɗaga murya ba. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya ce, "Mushe, wai gaskiya ne jiya ka nuna wa yaran nan hoton Annabi Isa?" Na ce, "Alhaji, zane ne na wani Bature da ya rasu tun shekaru kusan ɗari huɗu, darasin tarihi ne ya kawo mu kansa." Ya yi shiru, ya gyara hularsa, ya ce, "To ni dai ban turo ɗana lakwal don wannan ba."

Abin da ya faru shi ne mun zo kan Turai ta ƙarni na 16 da na 17, lokacin da cocin Kiristoci ya rabu tsakanin Katolika da Furotesta. Hoton da ke cikin takardar da muka yi wa fotokwafi ya koma baƙi ƙirin, ba ka gane kai ba ka gane ƙafa. Sai na ciro salula, na buɗe wani zane da nake da shi, na miƙa wa layin farko na ce ya zagaya. Ban yi shimfiɗa ba, ban gaya musu abin da za su gani ba, ban ba wanda ba ya son kallo damar kau da kai ba. A nan Alhaji ya fi ni gaskiya, kuma na ba shi haƙuri tun a wurin. Amma ban daina kawo waɗannan zane-zane aji ba, kuma ina ganin ƴan'uwana malamai bai kamata su tsallake su ba. Dalilina nake son shimfiɗa wa malamai da iyaye, domin na san akwai masu ra'ayin Alhaji da yawa, kuma ba mutanen banza ba ne.

Bari in fara da zanen kansa. Wanda ya yi shi sunansa Georges de La Tour, ɗan mai gasa burodi, an haife shi a 1593 a yankin Loren da ke gabashin Faransa ta yau, ya rasu a 1652. Zanen yana gidan tarihi na Louvre a Paris. Ɗaki ne mai duhu, ba taga, ba ƙofa, ba wani ado. Wani tsoho kafinta ya sunkuya yana huda katako da abin huda, ya danne katakon da ƙafa. A gabansa yaro na zaune riƙe da kyandir, ya sa ɗaya hannun ya kare harshen wutar. Hasken ya bugi fuskar yaron har ta kusa zama fara fat, ya taɓa goshin tsohon da ke cike da tamoji, ya sauka kan guntun katako da sassaƙe a ƙasa, daga nan sai duhu. Abin da ya tsayar da ɗalibaina shi ne hannun yaron. Haske ya ratsa tsakanin yatsunsa, gefen yatsun ya yi ja kamar garwashi, har dattin da ke ƙarƙashin farce ana gani. Wani yaro a layin baya ya ce, "Mushe, wallahi haka hannu yake yi in ka rufe tocila." Haka ne kuwa. Yaron da ya taɓa yin bitar karatu da fitilar ƙwai ko acibalbal daren da aka ɗauke kuran, ko ya zauna da allo a gefen wutar kara, ya san wannan haske sanin da ɗan birnin Paris na yau bai yi masa ba. Ya san yadda yake kama fuska ɗaya ya saki sauran ɗakin.

A niyyar mai zanen, tsohon shi ne Yusufu masassaƙi, wanda Kiristoci ke cewa shi ya riƙe Maryamu da ɗanta. Ba Annabi Yusuf ɗan Yaƙubu ba ne, kuma wannan ma sai an bayyana wa yara domin suna ruɗewa. Yaron kuma, a niyyarsa, Isa ne. Katakon da ake hudawa an jera shi yadda zai tuna wa Kirista gicciye. Kyandir ɗin a hannun yaro yake, domin a aƙidarsu shi ne hasken duniya. Ka ga ke nan babu abin da ya faɗo cikin zanen haka kawai. Mai zanen wa'azi yake yi, da fenti a maimakon baki.

To me ya sa duhu ya mamaye zanen coci a wannan zamani da ake kira barok? Amsar tana cikin darasin da manhaja ta riga ta ɗora mana. A 1517 Martin Luther ya fito da ƙorafe-ƙorafensa kan cocin Roma. Waɗanda suka biyo baya, musamman mabiya Calvin, suka ce ajiye siffofi a wurin ibada hanyar bautar gumaka ce. Maganar ba ta tsaya a baki ba. A 1566 jama'a suka riƙa kutsawa cikin majami'u a ƙasashen da yau ake kira Holan da Beljiyam suna farfasa gumaka suna yayyaga zane-zane, har babbar majami'ar birnin Antwerp ba ta tsira ba. Cocin Katolika kuwa ya yi babban taro a garin Trento na arewacin Italiya, wanda aka yi ta zamansa daga 1545 zuwa 1563. A zaman ƙarshe suka yanke cewa siffofi za su ci gaba da zama a coci, ba don akwai wani iko a cikinsu da za a roƙa ba, sai don su koyar da jama'a su kuma tuna musu. Aka kuma umarci limamansu su hana zanen da ya saɓa wa aƙida ko ya kauce wa kunya.

Ranar da na ba da wannan labari, aji ya yi tsit. Yawancin yaran sun ɗauka gardamar hoto a wurin ibada tsakanin Musulmi da Kirista take. Ba su taɓa jin cewa Kiristoci sun zubar da jinin juna a kanta ba. Wata yarinya Kirista da ke cikin ajin, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce su a cocinsu babu hoto ko ɗaya. Abokan zamanta na shekara biyu ba su san haka ba sai ranar.

Tunda cocin Roma ya zaɓi ya yi wa talakan da bai iya karatu ba magana ta ido, sai ya buƙaci zanen da zai kama mutum tun daga bakin ƙofa. Wanda ya fi kowa gano dabarar shi ne Caravaggio, wanda ya rayu daga 1571 zuwa 1610. Mutum ne mai rigima, ya kashe wani a Roma a 1606 ya gudu, ya ƙare rayuwarsa yana yawon ɓuya. Tsakanin 1599 da 1600 ya yi wa cocin Faransawa da ke Roma zanen kiran Matta mai karɓar haraji. Maza na zaune a tebur suna ƙirga kuɗi, sanye da tufafin zamanin mai zanen, kamar waɗanda za ka iya haɗuwa da su a kasuwa ranar. Haske ya shigo a karkace daga sama ta dama, ya bi hannun da ke nuni, ya sauka kan fuskokinsu. Idonka ba shi da zaɓi, dole ya bi hanyar da aka shata masa. Caravaggio ya riƙa ɗaukar mutanen titi ya tsayar da su a matsayin waliyyai, har da ƙafafu masu datti da faso. Ba kullum cocin ya ji daɗi ba. Zanensa na rasuwar Maryamu, waɗanda suka ba da aikin sun ƙi karɓa, yanzu shi ma yana Louvre.

Shi Caravaggio galibi ba ya nuna inda hasken ya fito. Waɗanda suka ɗauki salonsa ne suka shigo da kyandir tsakiyar zane. Babbansu wani ɗan garin Utrecht ne na Holan, Gerrit van Honthorst, wanda ya zauna a Roma har 1620, Italiyawa suka yi masa laƙabi da ke nufin Gerardo na darare. Akwai zanensa ɗaya da nake ganin kowane malami ya kamata ya san labarinsa ko da ba zai nuna shi ba. Ya yi shi wajen 1617, yanzu yana babban gidan zane na Landan. Daren shari'a ne, kamar yadda Linjilar Kiristoci ta kawo. Babban firist na zaune a tebur, littafi buɗe a gabansa, ya ɗaga yatsa yana tuhuma. Wanda ake tuhuma na tsaye, hannuwa ɗaure, yana kallonsa daga sama cikin natsuwa. Kyandir ɗaya tal ke tsakaninsu. Sauran mutane, masu shaida da dogarai, sun narke cikin duhu a baya. To amma an sa wa wanda ake tuhuma farar riga, ita kuwa farar riga mayar da haske take yi, sai ya zama kamar daga jikinsa hasken ke fitowa. Alƙali ne ke magana, littafi na hannunsa, iko na hannunsa, amma kafin ka gama kallo ka riga ka yanke hukunci cewa shi ne mai laifi. Babu kalma ko ɗaya a zanen. Da kyandir da farar riga aka shawo kanka.

Wannan shi ne abin da nake son yaro ya gane, kuma ban san wani kayan aiki da ya fi waɗannan zane-zane saurin koyar da shi ba. Duk hoto akwai wanda ya riƙe fitila. Shi ya zaɓi fuskar da za ta haskaka, shi ya zaɓi abin da zai nutse. A hoton rana tsaka wannan zaɓi ɓoye yake, komai a fili, sai ka ɗauka gaskiya ce tsagwaronta. A zanen kyandir kuwa zaɓin a bayyane yake, yaro ɗan shekara 13 zai iya sa yatsa ya nuna maka inda haske ya ƙare. Da zarar ya iya tambayar daga ina hasken ya fito, wa aka haska, me aka bari a duhu, to ya sami abin da zai yi masa amfani har tsufa.

Kuma rayuwar La Tour kanta ta ba ni misalin abin da aka bari a duhu. Duk wanda ya kalli zanensa na dare zai ɗauka mutumin ya rayu cikin ƙasa mai kwanciyar hankali. Mata na zaune shiru, jarirai na barci, ba mai gudu. Alhali shekarun da ya yi waɗannan ayyuka su ne na yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, kuma Loren na cikin yankunan da suka fi shan wuya: sojoji, yunwa, annoba. Garin da yake zaune, Lunéville, an ƙone shi a 1638. Wani ɗan yankin nasu, Jacques Callot na birnin Nancy, ya fitar da jerin zane 18 a 1633 kan bala'in yaƙi, da ƙauyuka na cin wuta da mutane rataye a bishiya. Yanki ɗaya, zamani ɗaya, kowa da inda ya juya fitilarsa. Shi La Tour ba talaka ba ne. A 1639 ya sami laƙabin mai zanen sarkin Faransa, Louis na 13, wanda sojojinsa ke mamaye da ƙasarsu. A 1646 mutanen garin suka kai ƙararsa kan girman kai da tarin karnukan farauta da yake sakewa suna tattake musu amfanin gona. Mutumin da ya zana dattin farcen yaro da irin wannan tausayi, maƙwabtansa ba su ga tausayin ba. Ina gaya wa ɗalibai wannan da gangan. Kyawun aiki ba shaidar halin mai aikin ba ne, kuma natsuwar da ke cikin hoto ba ta nufin a bayan bango lafiya ake.

A nan zan ɗan ratse. Kada wani ya karanta wannan ya ce ai karatu da acibalbal abu ne mai kyau, tunda har Turawa sun zana shi. Hayaƙin kananzir na ɓata ido da ƙirji, yaron da ke shirin BEPC da tocila a baki ba abin sha'awa ba ne, haƙƙinsa ne a ba shi kuran. Ko a zamanin La Tour kyandir na kakin zuma na coci ne da masu hali, talaka da na kitse yake maneji, mai hayaƙi da wari. Harshen wuta mai tsabta da ka gani a zanen, shi ma zaɓi ne.

Yanzu ku dubi abin da ke hannun ƴaƴanmu. Da dare in ka leƙa ɗaki, fuskar yaro ce kaɗai ke haske, sauran ɗakin duhu, tamkar zanen La Tour, sai dai fitilar salula ce. Abin da ke shigowa ta cikinta kuwa an tsara shi da dabarar nan ta Honthorst. Bidiyo na daƙiƙa ɗaya da aka yanke farkonsa da ƙarshensa. Hoton gawa da aka ce na garin kaza ne alhali na wata ƙasa ne, na wata shekara. Ɗan siyasa da aka ɗauka daga ƙasa don ya yi kwarjini, abokin hamayyarsa kuma aka kama shi baki buɗe. Yanzu ma har na'ura ke ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba. Mu malamai muna koya wa yaro karanta rubutu, mu tambaye shi wa ya rubuta, don me, ga wa. Hoto kuwa mun bar shi ya koya da kansa a WhatsApp, kuma hoto ne ya fi yawa cikin abin da yake haɗiya kullum.

To sai maganar addini, wadda ita ce ainihin damuwar Alhaji, kuma ba zan kewaye ta ba. Ni Musulmi ne, ba malamin fiƙihu ba ne, ba kuma fatawa nake bayarwa ba. Abin da muka tashi a kai shi ne ba a siffanta annabawa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su, kuma ban zo in sassauta wannan ba. Ba zan sa yaro ya zana annabi ba, ba zan rataya irin wannan zane a bangon aji ba. Amma akwai bambanci tsakanin yin abu da sanin cewa wasu sun yi shi da dalilin da ya sa suka yi. Muna koyar da addinin Fir'auna da gumakan Girka a ajin farko na kolaji, ba wanda ya ce mun kira yara zuwa bautarsu. Sannan abin da na gaya wa Alhaji a ranar shi ne har yanzu ra'ayina: wancan ba hoton Annabi Isa ba ne. Babu mai zanen da ya taɓa ganinsa. Tsakanin zamaninsa da La Tour shekaru sama da 1,600 ne. Abin da ke jikin ƙyallen fuskar wani yaro ne irin na Loren, kamar yadda mutanen Caravaggio fuskokin titin Roma ne. Yaron da aka fahimtar da haka ya fi wanda ba a gaya masa komai ba kariya, domin na biyun zai ci karo da hoton a intanet ko a kalanda shi kaɗai, ya ɗauka da gaske haka kamannin suke.

Wasu iyaye tsoronsu kada zanen ya ja zuciyar yaro zuwa wani addini. Ban raina wannan tsoro ba, tunda na riga na faɗa da bakina cewa don jan zuciya aka yi su. Sai dai dabarar da aka warware maka ta rage ƙarfi a kanka. Wanda ya san yadda mai rufa-ido ke ɓoye ƙwai a hannun riga zai iya yaba ƙwarewarsa ba tare da ya gaskata ba. Yaron da ya iya cewa farar riga ce ta sa wancan ya fi haske, ya riga ya tsaya a waje yana kallon aikin da hankalinsa.

Akwai kuma abin da ba mu cika son tunawa ba. A watan Janairun 2015, bayan wata jaridar barkwanci ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram da Yamai. Mutane goma suka rasa rayukansu, aka ƙone majami'u da dama. Fushin kan ɓatancin na fahimce shi, ni ma na ji shi. Amma Kiristocin da aka ƙone wa wuraren ibada maƙwabtanmu ne, ƴan ƙasa ne, ba su zana komai ba, jaridar kuma ba ta coci ba ce, su ma limaman Katolika ba ta ƙyale su ba wajen izgili. Da yawa cikin waɗanda suka riƙe ashana ranar matasa ne da suka bi ta hannunmu ko suka kamata su bi. A kansu Bature da Kirista da mai zanen izgili duk abu ɗaya ne. Ba na cewa darasin zane zai hana tarzoma, wannan zai zama cika baki. Ina cewa yaron da ya san bambancin zanen da aka yi don raini da wanda mai shi ya yi don girmamawa bisa aƙidarsa, ko da mu ba mu yarda da aƙidar ko hanyar ba, ya fi wuyar ingizawa.

Wani abokin aikina ya kawo mini suka ta daban. Ya ce ajinmu na zana ne, yara sun haura 80, rabinsu ba su iya karanta sakin layi ɗaya ba tare da tuntuɓe ba, kai kuma kana maganar kyandir ɗin Turawa. Gaskiyarsa, kuma da ina neman a ƙara awa a jadawali ko a sayo littattafai masu tsada da na yi shiru. Abin da nake magana a kai minti ashirin ne cikin darasin da dama dole a yi shi. Kuma na lura da wani abu: yaran da ba sa buɗe baki in an zo karatun Faransanci su ne suka fi magana a gaban zane, musamman in na bar su su faɗi abin da suka gani da Hausa. Wanda kullum yake na ƙarshe shi ya fara lura cewa wutar kyandir ɗin ta ɗan karkata, ya ce ko numfashin yaron ne ya kaɗa ta. Malamin kimiyya ma zai iya cin moriyar abin. Me ya sa fuskar yaron ta fi ta tsohon haske nesa ba kusa ba? Saboda in ka ninka nisa daga fitila sau biyu, hasken da ke isa gare ka kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Me ya sa yatsu suka yi ja? Saboda jan haske ne ya fi iya ratsa nama da jini. Tocila ɗaya da hannun yaro sun isa gwaji.

Sukar da ta fi yawa a kwanakin nan ita ce ta siyasa: muna ƙoƙarin fita daga inuwar Faransa, a 2025 ma an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, me zai kai mu ga zanen Bafaranshe? Ni ina cikin masu son a cika manhaja da namu, zanen bangon gidajen Damagaram, ginin Agadas, raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutse a Dabus dubban shekaru kafin a san da Faransa. Sai dai rufe ido ga abin da wasu suka yi ba ƴanci ba ne. Wanda ya daɗe ana nuna masa duniya da fitilar wani, shi ya fi kowa buƙatar sanin yadda ake riƙe fitilar. Kuma ko Faransawan da kansu sun manta da La Tour sama da shekaru 250, ana jingina ayyukansa ga wasu, har sai da wani masani Bajamushe, Hermann Voss, ya tono sunansa a 1915. Wanda ake kira babba a yau, wani ne ya zauna ya yanke cewa babba ne. Wannan ma darasi ne da ya shafe mu kai tsaye.

Yadda nake yi yanzu ya bambanta da na ranar da Alhaji ya zo. Tun kwana ɗaya kafin darasin nake gaya wa yara abin da za mu taɓa, in ce su faɗa a gida. Zanen da mai shi ya nufi wani annabi da shi ba na zagayawa da shi. Na Honthorst da baki nake bayyana shi, in zana tebur da kyandir da inda kowa ya tsaya a allo da alli. Na kafinta kuma na yanko hannun da kyandir da fuskar tsohon kawai. Akwai shahararren zanen La Tour na Maryamu Magadaliya zaune gaban fitilar mai, ƙoƙon kan mutum a cinyarta, tana tunanin mutuwa. Shi ma fitilar da littattafan da ke kan tebur kaɗai nake nunawa, saboda shigarta ba ta dace da ajinmu ba. Wanda ba ya son kallo ba na tilasta masa, ba na kuma rage masa maki.

Wanda nake nunawa gaba ɗaya, bayan na yi bayani, shi ne wani da ke wani gidan zane a New York, wanda ake jingina wa La Tour ko masu aiki a hannunsa. Uwa na zaune riƙe da buɗaɗɗen littafi a cinya. Ƴarta ƙarama na tsaye a gabanta, ita ke riƙe da kyandir, ta kare wutar da tafin hannu, ta sunkuyar da ido kan shafin. A niyyar mai zanen Maryamu ce tana yarinya da mahaifiyarta Hannatu, labarin da ba ya ma cikin Littafi Mai Tsarki na Kiristoci, daga wasu tsofaffin ruwayoyinsu aka ɗauko shi. Babu zoben haske a kan kowa, babu mala'ika, babu alamar da za ta gaya maka su waye in ba a faɗa maka ba. Wuri mafi haske a zanen duka shi ne fuskar yarinyar da farar takardar. Nakan tambayi aji me mai zanen ke son mu ɗauka da muhimmanci, kuma ƴan mata ne ke riga kowa amsawa. Bara wata ta ce abin da ya ba ta mamaki shi ne uwar ce ke koyarwa, domin a gidansu ita ke karanta wa innarta takardar asibiti.

Alhaji ya dawo a ƙarshen wannan shekara karɓar sakamakon ɗansa. Na nuna masa yankin hannun da kyandir a salula, na ce ga abin da nake nunawa yanzu. Ya karɓa, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan da hannu aka yi shi?" Na ce da hannu, Alhaji. Ya miƙo mini salular ya ce shi dai har yanzu bai ga dalilin da zai sa mutum ya zana annabi ba, na ce ni ma haka. Ƙanen yaron yana ajina bana, darasin kuma yana zuwa a zango na biyu.